Gidan Haya Da Shaguna A Gombe: Tambayoyin Masu Son Zuba Jari Da Amsoshinsu

Duk wanda Allah Ya hore wa 'yan kuɗi a Gombe, shawarar da zai fara ji daga 'yan uwa ita ce ya sa su a ƙasa, ya gina gidan haya ko shaguna. Shawara ce mai kyau, amma rabinta ake faɗa. Gidan haya sana'a ce mai son lissafi da kulawa kullum, kuma aikinta na gaske yana farawa ne ranar da magina suka kwashe kayansu. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsar da nake bayarwa.

Ko'ina ka duba gini ake yi. Anya har yanzu akwai masu kama haya?

Akwai. Tun da aka cire Jihar Gombe daga Bauchi a ranar 1 ga Oktoban 1996 garin yake cika yana batsewa. Ma'aikatan jiha da na tarayya sun zo, aka buɗe Jami'ar Jihar Gombe a 2004, aka kafa Jami'ar Tarayya ta Kashere a 2011, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Jihar ta yi iyaka da Bauchi da Yobe da Borno da Adamawa da Taraba, saboda haka fatake da direbobi da wakilan kamfanoni ba sa rasa dalilin yada zango a nan. Sannan rikicin Boko Haram ya koro iyalai da yawa daga Borno da Yobe, wasunsu sun kafa sana'a sun zauna ke nan.

Sai dai yawan jama'a daban, yawan masu iya biyan hayar da kake so daban. Masu neman ɗaki ɗaya ko ciki da falo ba sa ƙarewa. Masu iya biyan fulat mai ɗaki uku da tayil da silin na zamani ba su kai yadda ake zato ba, kuma kowane sabon mai gini su yake hari.

To wane iri ya kamata in gina?

Kafin ka sayi bulo ko guda, ka san wanda zai kwana a gidan. Ka je unguwar da kake so, ka zauna da dillalai biyu ko uku daban-daban, ka tambaye su wane irin gida ake zuwa nema ba a samu, wane iri ne kuma yake daɗewa a rufe. Ka shiga gidajen haya na kusa ka ji abin da ake biya daga bakin 'yan hayar kansu, don dillali yakan ƙara gishiri in ya ga alamar kana da kuɗi.

A kewayen jami'ar jiha, wajen Tudun Wada da Malam Inna, ɗaki mai banɗaki a ciki ne ke tafiya, domin ɗalibai da masu yi wa ƙasa hidima. Kuɗinsa yana shigowa da kyau in aka kwatanta da abin da aka kashe, amma gyara ba ya yankewa, kuma yajin aikin malamai kan dagula lissafi. Na 2022 wata takwas ya ɗauka. A Tumfure da hanyar Bauchi da sabbin unguwannin bayan gari, ma'aikata da sabbin ma'aurata sun fi neman ɗaki biyu da falo. Ni a ganina wannan shi ne tsaka-tsaki mafi aminci: ango zai iya kamawa, mai 'ya'ya uku ma zai iya, kuma in mutum ya saba da wuri ya sa yaransa a makarantar unguwa ba ya son tashi.

Abu ɗaya da masu kwaikwayon zanen Abuja ke mantawa shi ne sirri. Iyalin Bahaushe suna son ɗan tsakar gida nasu, inda uwargida za ta yi shanya, ta hura gawayi ranar da gas ya ƙare, ba tare da maƙwabci ya ratsa ta gabanta ba. Fulat huɗu masu ƙofa daban-daban da 'yar katanga a tsakani sun fi saurin samun mai kamawa a kan huɗu masu kyan gani da aka haɗa musu fili guda.

Yaya ake lissafin ribar gidan haya?

Nan ne ya kamata a zauna da biro da takarda. Ga misali, kuma alƙaluman na misali ne kawai, kai ka sa naka na gaskiya.

A ce fili da gini da katanga da rijiyar burtsatse da takardu sun ci naira miliyan 90, ka samu fulat huɗu, kowanne ana biyan naira miliyan 1.2 a shekara. A baki, kuɗin shiga miliyan 4.8 ne. Yanzu sai a fara cirewa. Fulat ɗaya ya zauna wata uku babu kowa tsakanin fitar wani da shigar wani: 300,000. La'adar mai kula da gida da karɓar haya, kashi 10 cikin 100 na abin da aka karɓa: 450,000. Fenti, gyaran famfo, kwashe sokawe, injin burtsatse da ya ƙone: 500,000. Mai gadi a kan 30,000 duk wata: 360,000. Kuɗin ƙasa da ake biyan gwamnati da inshora da sauran ƙananan abubuwa: 190,000. An cire miliyan 1.8, saura miliyan 3. Raba miliyan 3 da miliyan 90, za ka samu kashi 3.3 cikin 100 a shekara. Wato in haya ba ta ƙaru ba, sai an shekara 30 kafin uwar kuɗi ta dawo.

Mutane da yawa sukan tsaya a miliyan 4.8 ɗin nan, shi ya sa bayan shekara biyar za ka ga gidan ya koɗe, kwanon yana yoyo, mai shi yana cewa 'yan haya ba su da kirki, alhali bai taɓa ware ko sisi na gyara ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ka buɗe asusu daban, duk hayar da ta shigo ka zuba wani kaso a ciki, kada ka taɓa shi sai don gidan.

In ribar ba ta wuce haka ba, me ya sa ba zan bar kuɗina a kasuwanci ba?

Tambaya ce mai ma'ana. Sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, na farko da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100, ya riƙa biyan kashi 16.47 cikin 100 a shekara ba tare da ka kwashe sokawe ba. Ɗan kasuwar da ya iya saye da ajiyar wake ko masara ma zai iya samun fiye da haka a kaka ɗaya, ko da yake zai iya faɗuwa.

Abin da gida ya fi su da shi shi ne riƙe daraja. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Buhun siminti da ake saye ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya wuce 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024. Wanda ya ajiye takardun naira ya ga sun narke a hannunsa, wanda ya riga ya gina kuwa ginin ya bi farashin kayan gini ya hau. Don haka ribar gida kashi biyu ce: hayar da ke shigowa, da tashin darajar fili da ginin. Ta biyun ta fi girma, amma ba ka ganinta sai ranar sayarwa, kuma gida ba ya sayuwa da gaggawa. In bukata ta taso ka ce sai an sayar cikin mako biyu, a wulaƙance za a saya. Saboda haka kuɗin da kake juyawa a shago, ko na makarantar yara, ba na gidan haya ba ne.

Wace takarda ce za ta tabbatar min fili nawa ne?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kai kake mallaka shi ne haƙƙin zama da amfani, shaidarsa kuma ita ce takardar da aka fi sani da C of O, wadda yawanci shekara 99 ake rubutawa. In mai C of O zai sayar maka, doka ta ce sai da amincewar gwamna cinikin zai cika, a yi rajistarsa da sunanka. Mutane da yawa suna riƙe da takardar asali mai sunan wani, suna ganin sun gama, alhali a wurin hukuma wancan ne mai wuri har gobe.

A Gombe hukumar GOGIS, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya, ita ce ke riƙe da bayanan filaye. Kafin ka biya ko kafin alƙalami, ka sa lauyanka ya nemi a bincika fayil ɗin: sunan wa ke kai, an jinginar da shi a banki ko a'a, akwai bashin kuɗin ƙasa, wurin na zama ne ko na kasuwanci, ko kuma yana kan hanyar da aka tsara za a fitar. Ka kai safiyo ya auna, ya nemo duwatsun iyaka da idonka. Takardar mai unguwa ko ta dagaci tana da amfani wajen shaidar cewa an yi ciniki a gaban mutane, kuma ina ba da shawarar a gaishe su a sanar da su, amma ba ta maye gurbin ta hukuma. Wannan ya fi muhimmanci a gonakin bayan gari da ake yankawa fuloti-fuloti, inda fili ɗaya kan samu masu shi uku.

Bayan mallaka sai izinin gini daga hukumar tsara birane, GOSUPDA. In gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da aka gina ne a kai, kuma wanda ya yi gini ba izini ƙafarsa ba ta da ƙarfi a wajen neman ta.

An yi min tayin tsohon gida a cikin gari, amma na gado ne. In saya?

Tsofaffin gidaje a Jekadafari ko Bolari ko Herwagana suna da abin da sabuwar unguwa ba ta da shi: suna kusa da kasuwa da jama'a. Amma kada ka yi ciniki da babban wa shi kaɗai, komai dattakunsa. Ka nemi takardar rabon gado daga kotu, ka san adadin magada, mata da maza, har da wadda take aure a wani gari da marayun da ba su balaga ba, kowa ya sa hannu ko wakilinsa na halal. Kuɗi kuma a biya ta banki a gaban shaidu. Haƙƙin maraya ba abin da za a gina arziki a kansa ba ne, ko da kotu ba ta taɓa kiranka ba.

Me zan duba a jikin filin kansa?

Ruwa, ta fuska biyu: wanda zai zo ya ci gidan, da wanda za a sha.

Gombe a cikin kwari take, ƙasarta kuma yashi-yashi ce, shi ya sa zaizayar ƙasa ta daɗe tana cin gidaje, kamar yadda mutanen Malam Inna da Kagarawal suka gani kafin a yi aikin kwarin wajensu. Fili a watan Maris duk ɗaya yake da kowane fili. Ka koma ka gan shi a watan Agusta, da safe bayan an kwana ana ruwa. Dubi inda yashi ya taru, dubi gindin katangar maƙwabta ko ruwa ya tone shi har ana ganin harsashi, dubi layin danshi a jikin bango. In ka ga an jera buhunan yashi a ƙofar gidaje, unguwar ta riga ta ba ka amsa. Filin da ke bakin kwari yana da araha ne saboda dalili.

Na sha kuwa, ruwan famfo da ake turowa daga Dadin Kowa bai kai kowace unguwa ba, kuma a wasu wuraren kan tudu sai an yi haƙa mai zurfi ƙwarai kafin a tarar da ruwa. Ka tambayi maƙwabta mita nawa suka haƙa, nawa suka kashe, ko kuwa tanka suke saye. Gidan da ba ruwa, komai kyansa, matar gida ce za ta sa a tashi.

Shago da gidan zama, wanne ya fi?

Shago ya fi sauƙin gini, ba kicin ba banɗaki a kowane ɗaki, kuma ɗan kasuwar da ya yi kwastomomi a wuri ba ya wasa da biyan haya, don tashi asara ce gare shi. Amma shago ba ya yafe kuskuren wuri. Taku hamsin tsakanin bakin titi da lungu na iya zama bambancin shagon da ake rububi da wanda zai shekara a kulle. Kafin ka saya, ka tsaya a wurin da hantsi, ka dawo da la'asar, ka dawo bayan isha'i. Ina masu Keke Napep ke sauke mutane? Akwai wurin da mota za ta tsaya? Wane gefen titi ne rana ke duka da yamma? Masu sayayya inuwa suke bi.

A filaza mai bene, shagunan ƙasa ne ke ciyar da ginin. Na sama sai tela, ko ofishin lauya, ko makarantar kwamfuta, kuma hayarsu ba ta kai ta ƙasa. Kada ka lissafa su kai ɗaya. Ka bar tazarar da hukuma ta ce a bari daga titi, domin ranar faɗaɗa hanya ba a tambayar nawa ka kashe.

Akwai kuma sito, wanda ba a cika maganarsa ba. Gari mai kasuwar hatsi irin Tudun Hatsi yana bukatar wurin ajiya da tirela za ta iya shiga ta juya. Ƙasa mai tudu, daɓe mai kauri, rufi marar yoyo da ƙofa mai ƙarfi, shi ke nan. Sai dai cinikinsa na bin kaka.

In ci bashin banki in gina?

Da lissafin da muka yi a sama, a'a. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da rance. Gidan da ke kawo kashi 3 ko 5 ba zai biya wannan ba, ko da an ajiye maganar haramcin riba gefe, ita kuwa ba abar ajiyewa ba ce. Rancen Asusun Gidaje na Ƙasa da FMBN, bankin ba da rancen gidaje na tarayya, ke bayarwa a kan kashi 6 na gidan da mutum zai zauna ne. Bankunan da ba sa mu'amala da riba, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, suna da tsarin murabaha (banki ya saya ya sayar maka ka biya a hankali) da ijara (banki ya saya ya ba ka haya), amma su ma suna ɗora ribar cinikinsu, don haka sai ka gwada abin da za ka riƙa biya duk wata da abin da gidan zai kawo.

Hanyar da ta fi dacewa da yawancinmu ita ce gini daki-daki: a yi zanen gidan gaba ɗaya tun farko, a kammala fulat biyu har a sa mutane, hayarsu ta taimaka wa sauran. Ya fi a tayar da takwas a kai su linta a bar su shekara shida damina tana dukansu.

Mu 'yan uwa biyar muna so mu haɗa kuɗi. Yaya za mu yi kada zumunci ya ɓaci?

Ku rubuta komai tun ana dariya. Nawa kowa ya sa, kason kowa nawa ne, wa zai riƙa karɓar haya kuma nawa ne ladansa, yaushe ake rabo, in ɗaya yana son fita wa zai fara saye kuma wa zai yi wa gidan kuɗi, in ɗaya ya rasu yaya za a yi da magadansa. Takardar fili kada ta fita da sunan mutum ɗaya don shi ne babba. Ko a sa sunayen duka, ko ku yi rajistar kamfani a hukumar CAC a mallaka da sunansa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, saboda haka neman a rubuta ba rashin yarda ba ne.

Zan iya ɗora bene da birkilan da na saba da shi?

Birkila ya yi aikinsa, amma lissafin rodi da harsashi da kaurin dekin na injiniya ne mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi. Rayukan mutane za ka ɗora a kai. Ko da masana'antar siminti ta Ashaka tana nan kusa da Bajoga, siminti bai yi arahar da za a ce ba a satarsa a wurin aiki ba. Ranar zuba dekin ka kasance a wurin, ko wanda ka amince da shi, ana ƙirga buhu.

Rigimar kuɗin wuta fa?

Kowane fulat da kowane shago a nema masa mitarsa mai kati daga kamfanin JED. Mita ɗaya ga gida shida ita ce uwar faɗa: mai firiza da mai fanka ɗaya ba za su taɓa yarda da rabo ba, kuma in suka tashi bashin a kan gidanka zai zauna. Injin burtsatse kuwa, in da hali, a sa masa sola.

Yaya zan zaɓi ɗan haya, kuma yaya zan fitar da wanda ya ƙi biya?

Ka san sana'arsa, ka san inda ya baro da dalilin tashinsa, ya kawo wanda zai tsaya masa. A rubuta yarjejeniya: kuɗi, ranar biya, adadin mutanen da za su zauna, gyaran da ke kansa da wanda ke kanka, da sharaɗin ba zai sa wani a ciki ba sai da izininka. A ɗauki hoton kowane ɗaki ranar ba da makulli. Rasit kuma kada ya yanke, ko ɗan ƙaninka ne.

In abu ya ɓaci, kada ka cire ƙofa, kada ka yaye kwano, kada ka watsar da kaya waje. Wannan kan mai da mai gaskiya mai laifi. A bisa ƙa'idar da aka saba bi a kotunan Najeriya, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan shekara ana ba shi notis na wata shida, mai biyan wata-wata notis na wata ɗaya, bayan ya ƙare a ba da na kwana bakwai, sannan a je kotu. Lauya ya rubuta, don kuskuren kwanan wata kaɗai kan sa a koma farko. Kafin a kai can, zama da wanda ya tsaya masa ko mai unguwa yakan kashe magana. Kuma a bambanta mai taurin kai da magidancin da albashinsa ya makara. Wanda ya shekara biyar yana biya a kan lokaci ya cancanci a ɗaga masa ƙafa, kuma riƙe shi ya fi maka araha a kan fenti da neman sabo.

Ni mace ce, ina aure a Kaduna, gidan kuma gadona ne a Pantami. Wa zai kula min?

Hajiya, ko ɗan uwa za ki sa ko ƙwararren mai kula da gidaje, sharaɗin ɗaya ne: 'yan haya su riƙa biya kai tsaye cikin asusunki na banki, shi kuma ki biya shi ladansa daga baya. Ki riƙe lambar wayar kowane ɗan haya, takardun asali su zauna a hannunki, duk gyaran da za a yi a turo miki hoto kafin da bayan aiki. Ki yanka wa ɗan uwan lada bayyananne, don wanda ake sa wa aiki kyauta ba a iya tuhumarsa.

Akwai haraji da zakka a kan gidan haya?

Akwai kuɗin ƙasa na shekara-shekara a kan fili mai C of O, kuma kuɗin haya na cikin kuɗin shigar da ake biya wa haraji. In kamfani ko ma'aikata ce ta kama wurinka, za ta cire kashi 10 cikin 100 ta miƙa wa hukumar haraji da sunanka. Ka karɓi shaidar, domin za a rage maka ita a lissafin harajinka.

Zakka kuwa, abin da malamai suka tafi a kai shi ne ginin da aka yi don haya ba a fitar masa da zakka, sai dai kuɗin hayar in sun kai nisabi, su kaɗai ko haɗe da sauran kuɗinka, kuma shekara ta zagayo a kansu. Wanda yake saye da sayar da filaye hukuncinsa na kayan kasuwanci ne, sai ya zauna da malami a duba yadda yake juya su.

Kuɗina ba su kai na gini ba. Akwai wata ƙofa?

Akwai asusun zuba jari a gine-gine da ake kira REIT, irin su UPDC REIT da SFS REIT, waɗanda ake sayar da hannun jarinsu a kasuwar hannun jari ta Najeriya. Kana saye ta hannun dillalin hannun jari mai rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, a riƙa ba ka kasonka na hayar gine-ginen da suka mallaka, akasari a manyan birane irin su Legas da Abuja. Farashinsu yana hawa yana sauka, kuma mai kiyaye halal ya bincika inda suke ajiye rarar kuɗinsu. In kuma ƙasar Gombe kake so ka taka da ƙafarka, fara da fuloti ɗaya mai tsabtar takarda a inda gari ke nufa, ka kewaye shi, ka fitar da shago biyu a gaba in wurin ya dace kuma an ba ka izini, hayarsu ta riƙa sayen bulon ɗakunan baya.